Yadda Ake Lissafin Tafiyar Iskar Gas a Cikin Bututu

Iskar gas ba ta tafiya a cikin bututu da gudu iri ɗaya ko yaushe. Duk sa'ad da aka buɗe famfo, ko injin tura iska ya tsaya, ko wata masana'anta ta ƙara jan iska, sai matsi da gudu su sauya. Wannan sauyi ne injiniyoyi ke lissafawa tun kafin ya auku.

Batun ya shafi Kano saboda bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga Yunin 2020, ƙarƙashin kamfanin NNPC.

Manoman rani na Garun Mallam da Kura da Bunkure sun san irin wannan hali. Idan aka saki ruwan madatsar Tiga, ba nan take yake isa gonar ƙarshe ba. Ƙa'idojin da Bafaranshe Saint-Venant ya fitar a 1871 kan ruwan magudana 'yan uwa ne ga na iskar gas. Bambancin shi ne iska tana matsuwa, don haka bututun kansa ya zama rumbu: abin da ke shiga a wani lokaci ba lallai ya yi daidai da abin da ke fita ba.

Lissafin ya dogara ga waɗannan ginshiƙai: iska ba ta ɓacewa a hanya, bambancin matsi ke tura ta, gogayya da jikin bututu na rage mata ƙarfi, tana musayar zafi da ƙasar da aka binne bututun, sannan matsi da zafi da kaurinta suna da alaƙa sananniya. Akan raba bututun gunduwa-gunduwa, kwamfuta ta lissafa halin kowace gunduwa daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Sauyin matsi na tafiya da saurin sauti a cikin iskar, kimanin mita 400 a daƙiƙa. Ke nan ko da babu abin da ya tare shi, zai ɗauki kusan minti 25 kafin ya ratsa kilomita 614, daidaituwar bututun kuwa sai bayan sa'o'i.

Da wannan lissafi ake sanin tsawon lokacin da tashar lantarki za ta ci gaba da samun iska idan tushe ya katse. Da shi kuma ake gano yoyo ko fasa bututu, idan abin da na'urori suka auna ya saɓa wa abin da lissafi ya nuna.