Abin da Janar Qi Jiguang ya fahimta game da kunfu

A harshen Sinanci, kalmar kunfu tana nufin gwanintar da aka samu bayan doguwar wahala, ko a fagen dambe ko a gindin murhu.

Wajen shekarar 1560, zamanin daular Ming, Janar Qi Jiguang, wanda ya yaƙi 'yan fashin teku a gabar Sin, ya rubuta littafin horar da soja. Ya tsara salon motsi 32 na dambe, amma bai yaudari kansa ba. A ganinsa, hannu ba makami ba ya cin yaƙi. Amfanin horon shi ne gaɓoɓi su saba da aiki kafin soja ya ɗauki mashi.

A 1900, 'yan tawayen da Turawa suka kira Boksa sun yi watsi da wannan darasi. Sun gaskata cewa horo da tsafi za su hana harsashi huda jikinsu. Bindigogin rundunar ƙasashe 8 suka ƙaryata su.

Bindiga ta ƙwace fagen daga, amma horon bai mutu ba. Har gobe ɗalibi yakan fara da tsayuwar doki, gwiwoyi a lanƙwashe har cinyoyi su ɗauki rawa. Abokin karawarsa na farko shi ne gajen haƙurinsa.