Wuraren tarihi na birnin Kano: abin da mai ziyara daga karkara zai tarar

A duk lokacin bukukuwan Sallah, dubban mutane ne daga garuruwa da ƙauyukan arewacin jihar Kano, kamar su Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Minjibir da Dawakin Tofa, kan yi tururuwa zuwa cikin birni domin kallon hawan sarki da kuma buɗe ido.

Ga yara da dama, wannan ce ranar farko da sukan ga ganuwa da fadar sarki da idanunsu.

Sai dai kuma wasu daga cikin abubuwan da iyayensu suka gani a irin wannan ziyara sun riga sun ɓace, wasu kuma na kan hanyar ɓacewa. Ga bayani a kan muhimman wuraren, da tarihinsu, da kuma halin da suka shiga.

Birni da karkararsa

Ƙasar da ke kewaye da Kano na daga cikin yankunan karkara mafiya cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, kuma akasari ana nome su kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba.

Masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya yi nazari a yankin tun a shekarun 1960, ya bayyana yadda manoma kan shigo birni da itace da hatsi a kan jakuna, sannan su koma gida da taki domin zubawa a gonakinsu.

Wannan cuɗanya ita ce ta gina akasarin abubuwan da ake zuwa kallo a yau. Audugar da aka saƙa, da baban da aka yi rini da shi, da dawakin da ake hawa, da ma hannayen da suka ɗora tubalan ganuwa, yawancinsu daga karkara suka fito.

Wanda ya taso daga Bichi ta hanyar Katsina zai ratsa ta Dawanau, inda ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma take, kafin ya iso ƙofofin arewa na tsohon birni, irin su Ƙofar Dawanau da Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa.

Dutsen Dala

Daga wannan ɓangare, wuri na farko da ya kamata a fara da shi shi ne Dutsen Dala, wanda a gindinsa ne garin ya samo asali.

Binciken masu tona kayan tarihi ya nuna cewa tun a wajejen ƙarni na 7 akwai mutanen da ke narka tama suna fitar da ƙarfe a wurin.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, shugaban mazauna wurin a zamanin maguzanci, da kuma abin bautarsu da ake kira Tsumburbura. Bisa lissafin da aka ɗora a kan littafin, Bagauda ya zama sarkin Kano na farko ne a shekarar 999.

An yi wa dutsen matakala, kuma daga samansa ana hango kusan dukkan tsohon birni, da Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci.

Jama'a sun fi cika wurin a ranar Takutaha, wato mako guda bayan Mauludi, ko da yake akwai malaman da ba sa goyon bayan al'adar hawan dutsen a wannan rana.

Zaizayar ƙasa da gine-ginen da suka matso har gindin dutsen na daga cikin matsalolin da masana tarihi suka daɗe suna kokawa a kai.

Ganuwa da ƙofofi

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwar Kano. Sarakunan da suka biyo baya sun ci gaba da aikin, an kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17.

Ba gidaje kaɗai ganuwar ta kewaye ba. An bar fili mai yawa na noma da kiwo a cikinta, ta yadda idan yaƙi ya taso mutanen ƙauyuka za su shigo da iyalansu da dabbobinsu, a rufe ƙofofi, kuma a samu abin da za a ci.

Da ƙasa aka gina ta, saboda haka tana bukatar yaɓe a kai a kai. A da can, sarki kan sa a yi gayyar jama'a domin wannan aiki.

A watan Fabrairun 1903 sojojin Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin da yaƙi, a lokacin da Sarki Alu ya yi tafiya zuwa Sakkwato. Daga nan ne amfanin ganuwar ta fuskar tsaro ya ƙare, gyaranta kuma ya ja baya.

A yau mai ziyara zai tarar da cewa a wurare da yawa babu abin da ya rage sai tudun ƙasa, a wasu wuraren kuma ko alamarta babu. Ruwan sama ya ci wani ɓangare, masu ɗibar ƙasar gini sun kwashe wani, an kuma gina gidaje da shaguna a kan wani.

Ƙofofin ma akasari an sake gina su da siminti domin motoci su samu hanya. A 2010 rushe Ƙofar Na'isa da aka yi saboda aikin faɗaɗa titi ya jawo ce-ce-ku-ce tsakanin hukumomin jihar da masu kula da kayan tarihi, kafin daga baya a sake gina ta.

Tun a 2007 ne Najeriya ta sanya ganuwar da wuraren da ke da alaƙa da ita a jerin share fage na wuraren da take son hukumar raya ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Gidan Rumfa da Gidan Makama

Sunan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fi fitowa a tarihin gine-ginen birnin.

Shi ne ya gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa. A zamaninsa ne kuma shahararren malamin nan na Arewacin Afirka, Shehu Muhammad al-Maghili, ya zauna a Kano, ya kuma rubuta masa littafi a kan yadda ya kamata sarki Musulmi ya tafiyar da mulki.

Fadar dai gida ne da mutane ke zaune a ciki, ba wurin kallo ba ne da kowa zai shiga yadda ya ga dama. Abin da yawancin baƙi kan gani shi ne Ƙofar Kudu da filin da ke gabanta.

Kusa da nan ne Gidan Makama yake, wanda shi ma ake danganta gininsa da zamanin Rumfa. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne da ke ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

A cikinsa akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan sarauta, da hotunan zamanin Turawa. Shi kansa ginin abin kallo ne, musamman daurin gugan da magina suka yi da azara da ƙasa, wanda ke riƙe da rufin soraye ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

A arewa da fadar kuma akwai babban masallacin Juma'a. Ginin da ake gani yanzu an yi shi ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1950, a madadin tsohon masallacin ƙasa.

Kurmi da marinar Ƙofar Mata

Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ne ya kafa ta, ta kasance matattarar fatake daga Arewacin Afirka da Borno da Gwanja na tsawon ɗaruruwan shekaru.

Bature ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya ziyarce ta a 1824, shi kuma Bajamushe Heinrich Barth a 1851. Barth ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake kuma rinawa a ƙasar Kano ana kai su har Timbuktu da Tarabulus.

Manyan harkokin ciniki dai sun koma wasu kasuwannin, kamar Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau. Amma har yanzu a Kurmi ne ake samun kayan doki, da kayan fata na dukawa, da littattafan addini, da turare, da magungunan gargajiya.

Marinar Ƙofar Mata kuwa, masu sana'ar na cewa an kafa ta ne a 1498. Ana haɗa baba da toka da katsi a cikin rijiyar rini, a bar su su jiƙa na kwanaki. Daga nan sai marini ya riƙa tsoma zane yana fitar da shi ya sha iska, har launin ya kama yadda ake so.

Yawancin rijiyoyin yanzu babu kowa a kansu. Shigowar atamfa da shadda masu araha daga ƙasashen waje, da kuma rinin zamani na sinadari, sun rage wa sana'ar kasuwa ƙwarai.

Gidan Ɗan Hausa da gidan zu

A wajen ganuwa, a unguwar Nassarawa, akwai Gidan Ɗan Hausa. Ɗan Hausa laƙabi ne da aka yi wa Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa a 1909. Gidan na ƙarƙashin hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano.

Ga masu tafe da yara kuwa, da wuya ziyarar Sallah ta cika ba a je gidan zu ba. An kafa shi ne a farkon shekarun 1970, zamanin gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan ke ɗauke da shi. A ranakun Sallah wurin kan cika maƙil, don haka iyaye kan riƙe hannun ƙananan yara sosai.

Abin da mai ziyara ba zai gani ba shi ne dalar gyaɗa. Bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, gyaɗar da manoman karkara suka noma ta mai da birnin babbar cibiyar wannan ciniki, inda attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, tare da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, sun kawo ƙarshen dalar. Sai dai a hoto.

Hawan Sallah

Babban abin da ke jawo jama'a shi ne hawan sarki, wanda bisa al'ada ake yi a ƙaramar Sallah da babba.

A rana ta farko sarki kan dawo daga masallacin Idi na Ƙofar Mata a kan doki. Kashegari ake Hawan Daushe, inda yakan je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, sannan ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi masa jafi. A Hawan Nassarawa yakan ziyarci gidan sarki na Nassarawa da kuma gidan gwamnati. A hawa na ƙarshe kuma yakan fita bayan gari, zuwa Ɗorayi ko Fanisau.

Mutanen arewacin jihar na da nasu kason a wannan biki, domin kowane hakimi da jama'ar ƙasarsa yake hawa. Sarautar Sarkin Bai an daɗe ana danganta ta da Ɗambatta, ta Madaki kuma da Dawakin Tofa, kuma dukkansu biyu na cikin masu zaɓen sarki.

Ita kanta Fanisau, da ke ƙaramar hukumar Ungogo, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mai da ita ribaɗi a lokacin da yake yaƙi da Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure. Daga baya ta zama gandun sarki, inda bayi suka riƙa noma.

A watan Disamban 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano a jerin al'adun gargajiya na duniya da ake gado.

To amma a 'yan shekarun nan ba kowace Sallah ce ake samun hawan ba. A 2020 an soke shi saboda annobar korona. A babbar Sallar 2024 da ƙaramar Sallar 2025 kuma 'yan sanda sun hana shi bisa dalilan tsaro, sakamakon taƙaddamar sarauta da ta biyo bayan mai da Muhammadu Sanusi na Biyu kan karaga a watan Mayun 2024, yayin da aka ƙalubalanci cire Aminu Ado Bayero a gaban kotu.

Saboda haka ya kamata duk mai niyyar tasowa daga nesa ya saurari sanarwar hukumomi a rediyo kafin ya kama hanya.

Zirga-zirga a cikin gari

Tun a watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin, don haka Adaidaita Sahu ce abin hawan da aka fi amfani da shi.

Fada da Gidan Makama da masallaci da Kurmi duk suna kusa da juna, ana iya zaga su da ƙafa. A ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da masallaci kan cushe tun kafin azahar. Hawan Dala kuwa ya fi daɗi da sassafe ko da la'asar, musamman a lokacin bazara.

Masana tarihi dai sun sha yin gargaɗin cewa ginin ƙasa ba ya jiran kowa, domin kowace damina da abin da take ɗauka. Idan ba a dawo da gyaran ganuwa a kai a kai ba, aka kuma hana gini a kanta, to yaran da ake kawowa kallo a yau sai dai su ba 'ya'yansu labarinta, kamar yadda su ma ake ba su labarin dalar gyaɗa.