Algoritim: Daga Iskandariyya Zuwa Wayar Hannunka

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya mu leƙa tarihin wata kalma da 'yan kwamfuta ke yawan ambata, wato algoritim. Ma'anarta ita ce tsararriyar hanyar warware matsala daki-daki, wadda duk wanda ya bi ta zai isa ga amsa ɗaya.

Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Wajen shekarar 820 ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala, wanda babban kaso nasa kan wasiyya da rabon gado ne. Da Turawa suka fassara littafinsa na lissafin Indiyawa zuwa Latin a ƙarni na 12, sai harshensu ya karya sunan ya koma Algoritmi.

Amma fa dabarar ta girme shi. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Uklidis na Iskandariyya ya rubuta hanyar gano lamba mafi girma da za ta raba lambobi biyu ba saura. Ga yadda ake yin ta a yau da 48 da 18. Raba 48 da 18, saura 12. Raba 18 da 12, saura 6. Raba 12 da 6, babu saura. To amsa 6 ke nan, cikin taki uku kacal.

Sai dai samun amsa daban, sanin tsawon hanya daban. A 1844 wani Bafaranshe, Gabriel Lamé, ya tabbatar da cewa takun wannan hanya ba zai taɓa wuce ninki biyar na yawan alƙaluman ƙaramar lambar ba. Ke nan lamba mai alƙaluma 10 ba ta wuce taki 50, alhali mai gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya zai iya yin gwaji sama da biliyan.

Wannan awon shi ne ginshiƙin fannin har gobe, domin amsar da ta zo bayan an tashi kasuwa ba ta da amfani. Hanyar Uklidis kuwa tana nan cikin lissafin da ke kulle sirrin saƙonni a intanet.

Mu haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.