Ashirin da Takwas Kala Biyu Ce

A da, mai keke a ƙasar Hausa ba ruwansa da lambar taya. Ya shiga shagon kayan keke ya ce a ba shi taya da tif, a miƙo masa, ya kai wa mai faci, ta zauna daram. Keken ne kusan iri ɗaya ko'ina: baƙin Raleigh mai birkin ƙarfe, wanda kamfanin Nottingham na Ingila ya cika kasuwanninmu da shi tun zamanin Turawa, daga baya har aka riƙa haɗa shi a Kano. Tayarsa 28 x 1½ ce. Malamin makaranta da masinjan En'e da mai kai gyaɗa sikeli duk ita suke murzawa.

Da Phoenix ya iso daga Shanghai, Hero kuma daga Ludhiana ta Indiya, ba abin da ya sauya, don ƙirar Ingila suka ɗauko har gargaren. Tayar ma ba sai an ƙetare teku ba: attajirin Ijebu-Ode, Timothy Odutola, a lokacin yana da masana'antar taya da tif na keke.

Rikici ya faro ne bayan 1986, da tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira. Sabon keke ya fi ƙarfin talaka, sai gwanjon Turai da ake kira Beljiyam ya yi ta kwararowa ta Kwatano. Kowane keke da irin ƙafarsa. Ina ganin tun daga nan ne masu faci suka fara faɗa da masu shago.

Ga inda gizo ke saƙar. Lambar 28 ba awon gargare ba ce, awon taya ne daga waje zuwa waje bayan an ba ta iska. Gargaren Raleigh faɗinsa milimita 635 ne, na keken gwanjon Jamus kuwa 622, amma dukansu 28 aka rubuta musu. Tazarar milimita 13 kacal, ita ke sa ka ga mai faci ya tsuguna yana gumi, ya soka ƙarfen ɓanɓare taya, ya shafa ruwan sabulu, ya danna da diddige, bakin tayar ya ƙi hawa, ƙarshe ya huda sabon tif. In kuma babbar aka sa wa ƙaramin gargare, tana shan iska sai ta zame, tif ya leƙo ya fashe. Ita ma 26 haka take: ta tsohon keken Ingila, 26 x 1⅜, 590 ce, ta keken giya mai faffaɗar taya 559. Akwai kuma 27 x 1¼ ta tsofaffin kekunan tsere, 630, wadda nemanta a kasuwar ƙauye wahala ce kawai.

Turawa sun daɗe da warware wannan. A gefen taya suna buga lamba biyu, kamar 40-635: ta farko kauri, ta biyu faɗin gargare. Sai dai rubutun ƙanana ne, ƙura da rana kan cinye shi, kuma ban taɓa jin wani ya tsaya gaban shago a Sabon Gari ya ambaci 635 ba. Abin da za ka ji shi ne, "Alhaji, ta baƙin keke nake so." Shi kuma ya ce, "Yaro, je ka ɗauko tsohuwar mu gwada."

A nan gida kuwa, Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Ikeja a 2008. Tayar baƙin keke yanzu daga Indiya da Sin take zuwa, kuma a Indiya har yau manoma na hawa irin wannan keken. A Ingila, inda aka haife ta, sai masu adana tsofaffin kekuna ke tambayarta.

Masu ƙera keken guragu su suka fi shan wahalar wannan cakuɗa. Gargaren da ya samu a gwanjo shi ake ɗaurawa, har keke ɗaya yakan tashi da tayar gaba daban, na baya biyu daban, ranar sauyi kuma mai shi ya zaga shago biyu ko uku kafin ya haɗa su.