Zaure, Ruwa da Ɗakin Ungozoma: Nazari kan Fasalin Cibiyar Lafiya a Unguwannin Gefen Gusau

Tsakure

Maƙalar ta duba fasalin da ya dace da cibiyar lafiya matakin farko a unguwannin gefen Gusau, inda mutanen da rashin tsaro ya taso daga Wonaka da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu suka raɓa. Matsayarta ita ce, tsarin gini na daga cikin abin da ke sa mai juna biyu ta zo asibiti ko ta haihu a gida.

Gabatarwa

Tun Sanarwar Alma-Ata ta 1978 aka amince lafiya matakin farko ita ce tushe. Nijeriya ta kafa hukumar bunƙasa lafiya matakin farko ta ƙasa (NPHCDA) a 1992, daga baya ta ɗauki gunduma a matsayin ma'auni: kowace gunduma da cibiyarta. Zamfara na da gundumomi 147. Sai dai ma'aunin ya ɗauka jama'a na zaune inda aka ƙidaya su, alhali ƙauyuka sun watse, gefen gari ya cika. Ga shi Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kashi 15 cikin 100 kawai na asusun kula da lafiya da ta kafa ta ware wa gine-gine da kayan aiki da sufuri. Dole a san abin da za a fara ginawa.

Tattaunawa

A fara da ƙofa. A gidan Bahaushe baƙo namiji a zaure yake tsayawa, cikin gida na mata ne. Cibiyar da ta haɗa masu awon ciki da maza masu jinya a baranda ɗaya ta karya wannan ƙa'ida, kuma magidanci ba zai furta ba, sai dai gobe ya hana matarsa komawa. A yi zaure inda miji zai jira, a kewaye farfajiyar mata da katanga, a kai ɗakin haihuwa can ƙurya, tagoginsa sama da tsayin mutum. Wannan bai fi ƙarfin ƙaramin kasafi ba, bulo ne da lissafi.

Naƙuda kuwa ba ta jiran gari ya waye. In ungozoma a wata unguwa take kwana, cibiyar rufe take daidai lokacin da aka fi bukatarta, don haka masaukinta ya zama cikin harabar. Abin mamaki, shi ake fara gogewa daga zane in kuɗi ya gaza.

Rijiyar burtsatse da faifan sola su riga fenti, domin cibiya ba ta aiki ba ruwa, allurar rigakafi kuma na bukatar firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Annobar sanƙarau ta 2017, wadda ta faro daga Zamfara, da amai da gudawa na 2021, sun isa hujjar ware ɗakin keɓewa mai ƙofarsa da bayan gidansa daban, nesa da rijiya. Sannan a bar hanyar da mota za ta shiga har bakin ɗakin haihuwa ko da damina, don miƙa wadda haihuwa ta zo wa da gardama zuwa Asibitin Tarayya ko na Yariman Bakura da ke cikin Gusau.