Daga haihuwa zuwa tatata: Shekarar farko a rayuwar jariri

Mace mai haihuwar fari a ƙasar Hausa ba ta rasa masu ba ta shawara. Uwa da uwar miji da ungozoma da maƙwabta, kowa na da abin da zai faɗa game da wanka da shayarwa da lokacin da ya kamata yaro ya zauna ko ya fara rarrafe.

Sai dai abin da ya fi tayar da hankalin yawancin iyaye mata shi ne kwatanta ɗansu da na wasu: na gidan wane ya zauna a wata biyar, nata kuwa ga shi ya shiga na bakwai bai zauna ba.

Masana lafiyar yara sun ce kowane mataki na girman jariri yana da tazara mai faɗi ta watanni, kuma yaron da ya riga da wanda ya jinkirta duk suna iya kasancewa lafiyayyu. Abin da ya kamata uwa ta sani shi ne iyakar wannan tazara, da kuma alamomin da ba a jira da su.

Makon farko

Babu lokacin da ya fi haɗari a rayuwar ɗan Adam kamar kwanakinsa na farko. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya a shekarar 2022 kafin su cika kwana 28, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan mace-macen a makon farko suke aukuwa.

Hukumar ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa don ya ji ɗumi, a kuma jinkirta wankansa na farko har sai ya kwana ɗaya.

A wurare da dama akwai al'adar matse nonon farko, wato dakashi, a zubar, bisa zaton cewa gurɓatacce ne. Likitoci kuwa sun ce wannan ruwa mai kauri da launin rawaya cike yake da sinadaran kariya daga cututtuka, shi ya sa ake kiransa rigakafin farko na jariri.

Ba abin tsoro ba ne idan nauyin jariri ya ɗan ragu a kwanakin farko, domin yakan mayar da shi cikin mako biyu. Wanda aka haifa da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba shi ne ke bukatar kulawa ta musamman.

Cibiya kan faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa uku. Barbaɗa mata toka ko gishiri, ko shafa mata man goge baki, na iya shigar da ƙwayoyin cuta, ciki har da cutar sarƙe-haƙora. Asibitoci a Najeriya suna bayar da man shafa cibiya mai suna kilohekzidin domin wannan aiki.

Wani abin lura kuma shi ne shawara. Jarirai da yawa fatarsu da idanunsu kan ɗan yi rawaya daga kwana na biyu ko na uku. Amma idan abin ya bayyana a ranar farko, ko ya kai tafin hannu da na ƙafa, to lallai a garzaya asibiti, domin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Likitoci na kuma gargaɗi game da zuba kafur a cikin kayan jariri, saboda yana farfasa ƙwayoyin jinin wasu yaran, ya tsananta shawarar.

Suna da wanzami

Idan ranar haihuwa ta zagayo ake raɗa suna, a yanka rago, a yi wa jariri aski. Rana ce ta farin ciki da taruwar dangi, amma kuma rana ce da hannaye da yawa ke ɗaukar jariri, don haka ma'aikatan lafiya ke neman masu zuwa barka su wanke hannu, mai mura ko tari kuma ya tsaya nesa.

A cikin waɗannan kwanaki ne wanzamai kan cire wa jarirai belu, wasu kuma su yi wa 'ya'ya mata abin da ake kira cire angurya. Likitoci ba su ga wani amfani ga ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma duka biyun suna iya haddasa zubar jini da shigar cuta.

Kwana arba'in na jego

Al'adar jego tana da alheri mai yawa. Ana ɗauke wa mai jego aikin gida, ana ba ta abinci mai kyau kamar ƙauri da farfesu, kuma mai haihuwar fari kan tafi wankan gida wurin iyayenta, inda take koyon riƙon jariri daga waɗanda suka riga ta. Wannan lokaci ya zo daidai da mako shida da likitoci suka ce mahaifa ke bukata kafin ta koma yadda take.

Sai dai akwai ɓangarorin al'adar da aka daɗe ana muhawara a kansu. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Sun danganta hakan da yawan shan kunun kanwa, wanda ke cike da sinadarin gishiri, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa.

Binciken da aka yi daga baya a Kano, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye, ya nuna cewa akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka likitoci na ci gaba da ba da shawarar a rage kanwa, a kuma surka ruwan wanka, musamman ga mai hawan jini.

Kumburin ƙafafu, da haki, da kasa kwanciya rigingine saboda sarƙewar numfashi, alamomi ne da bai kamata a ɗauke su a matsayin gajiyar haihuwa ba. Haka ma zubar jini mai yawa, da zazzaɓi, da matsanancin ciwon kai.

Akwai kuma lalurar da ba kasafai ake maganarta ba, wato matsananciyar damuwa bayan haihuwa. WHO ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu na fuskantar matsalar da ta shafi tunani, galibi irin wannan damuwa. Idan kuka da rashin barci da ƙin jariri suka wuce mako biyu, ciwo ne da ke da magani. A nan miji yana da rawar da zai taka, domin shi ne sau da yawa ke ba da izini da kuɗin zuwa asibiti.

Nono zalla

Tun shekarar 2001 WHO ta tsayar da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata shida, sannan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Wannan ya dace da shekara biyun da aka ambata a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara.

Inda ake samun saɓani shi ne batun ruwa. Iyaye da kakanni da yawa na ganin zalunci ne a hana jariri ruwa a zafin bazara. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da ake ɗura wa jariri, ko dauri da jiƙe-jiƙe, yana cika masa ɗan ƙaramin cikinsa ya rage shan nono, baya ga haɗarin gudawa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ake shayar da su nono zalla.

Sabon jariri kan sha nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, ya kuma yi barcin sa'o'i 14 zuwa 17, amma a gutsuttsure. Ana so a kwantar da shi rigingine, a cikin gidan sauro mai magani. Alamar yana ƙoshi ita ce yawan fitsari da ƙaruwar nauyi: yawanci nauyinsa na haihuwa kan ninka a wajen wata biyar, ya kai ninki uku a shekara guda.

Matakan girma

Tsakanin shekarar 1997 da 2003, WHO ta bi diddigin yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida, wato Ghana da Indiya da Oman da Norway da Brazil da Amurka. Sakamakon da aka fitar a 2006 ya nuna cewa yaran da aka shayar da nono, suka kuma tashi cikin kyakkyawar kulawa, girmansu kusan iri ɗaya ne ko a wace nahiya suke. A kan wannan ma'auni ne aka gina taswirar awo da ke cikin katin asibiti.

Wani sashe na binciken ya duba lokacin da lafiyayyun yara ke kaiwa kowane mataki na motsi. Zama ba tare da jingina ba yana zuwa ne daga kimanin wata 4 zuwa wata 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa wata 13 da rabi. Tsayuwa ba dafa komai daga wata 7 zuwa kusan wata 17. Tafiya da ƙafa kuwa daga wata 8 har zuwa kusan wata 18.

Ma'ana, tsakanin yaron da ya fi saurin tafiya da wanda ya fi jinkiri akwai tazarar fiye da wata tara. Kazalika kimanin yara huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe ba sam, daga zama ko jan gindi suka miƙe. Don haka dasa yaro a cikin kwali ko kwando da tsummokara tun yana wata uku ba shi ke sa ya zauna da wuri ba. Abin da ya fi taimaka masa shi ne a riƙa kifa shi a kan tabarma na ɗan lokaci yana farke, ana kallonsa, domin wuyansa da bayansa su yi ƙwari.

Murmushin gane mutum kan fara ne a mako shida zuwa takwas, wuya kuma ya tsaya a wata uku zuwa huɗu. Daga wata shida yaro kan fara gwaranci, daga baya ya fara ƙiwa, wadda alama ce ta cewa ya bambanta mutanen gida da baƙi. Kalmomin farko kamar "mama" da "baba" kan fito a wajen shekara guda. Yawan yi wa yaro magana da wasa, ko yana goye uwa na aiki, shi ne ke buɗe masa baki.

Haƙorin farko kan tsiro a wajen wata shida, kodayake wani sai ya kusa shekara. Fitar haƙori na sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ya kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Lokacin ne dai yaro ke kai komai baki. Jingina gudawa ga haƙori ya sa ana jinkirta ba yara ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, har maɗiga ta faɗa saboda ƙarewar ruwa a jiki. A ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara aƙalla 84 ne suka rasu a Najeriya bayan shan wani maganin haƙori mai suna My Pikin da ya gurɓata da sinadari mai guba.

Abinci da rigakafi

Daga wata shida nono kaɗai ba ya wadatarwa. Ana farawa da abinci mai laushi sau biyu zuwa uku a rana, a ƙara zuwa uku ko huɗu daga wata tara. Tsinkakken koko ba ya gina jiki. Ana so kunu ya yi kauri, a haɗa shi da gyaɗa ko waken soya ko garin kifi, a kuma ba yaro ƙwai da wake da ganye irin su zogale. A wannan tsakani ne tamowa ta fi kama yara. Zuma kuwa, duk da darajarta, likitoci sun ce a jira sai yaro ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba tukuna.

A tsarin Najeriya, jariri na karɓar rigakafin tarin fuka da ciwon hanta da ɗigon shan inna da zarar an haife shi. A mako na 6 da na 10 da na 14 ana yi masa allurar Penta, wadda ke kare shi daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa, tare da ta ciwon huhu. A shekarar 2022 aka ƙara ɗigon kariya daga wata ƙwayar cutar gudawa. A wata tara sai ta ƙyanda da zazzaɓin shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Ɗan zazzaɓin da ke biyo bayan allura yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Lokacin da ba a jira

Ga jariri sabon haihuwa, ƙin kama nono, da jijjiga, da numfashi sau 60 ko fiye a minti guda, da lotsawar ƙirji, da zafin jiki ko sanyinsa fiye da kima, duk alamomi ne na a tafi asibiti nan take, ko da kuwa ba a yi suna ba.

Ta fuskar girma kuwa, ya kamata a nemi likita idan yaro ba ya razana da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata uku ba ya murmushi ko bin abu da ido, ko ya wuce wata tara bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba. Haka nan idan ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko nauyinsa ya tsaya cak a awo biyu a jere. Ga yaron da aka haifa bakwaini, ana lissafin watanninsa ne daga ranar da ya kamata a haife shi.

Masana sun ce matsalolin ji da gani da motsi sun fi sauƙin gyaruwa idan an gano su da wuri, shi ya sa suke jaddada a riƙa kai yaro awo a kai a kai, a kuma adana katinsa.