Yadda Wonder Woman ta koma gidan kakanninta

A ƙarshen 1941 ne William Moulton Marston, masanin halayyar ɗan Adam, da mai zane Harry G. Peter suka fito da Wonder Woman a mujallar All Star Comics fitowa ta 8. Jarumai maza sun cika labaran zane na Amurka a lokacin, sai Marston ya leƙa hikayoyin Girkawan da, ya ɗauko Amazon, al'ummar mayaƙa mata zalla. Sai dai aron bai yi zurfi ba, har allan yaƙi ma sunansa na Rumawa aka ba shi, wato Mars. Bayan mutuwar Marston a 1947 asalin ya yi ta dusashewa, a 1968 aka raba jarumar da ƙarfinta baki ɗaya, sai a 1973 aka mayar mata.

Gyara na gaskiya ya zo ne a Fabrairun 1987, da kamfanin DC ya sake labarin daga tushe a hannun George Pérez da Greg Potter. A ganina fitowar farkon nan ba ta da na biyu a tarihin jarumar. Pérez ya sa wa tsibirin da Amazon ke zaune a labarin suna Themyscira, birnin da Girkawa suka ce Amazon sun zauna a gaɓar Bahar Aswad, cikin Turkiyya ta yau, ya kuma mayar wa allan yaƙi sunansa na Girkawa, wato Ares. Babban abin da ya yi shi ne bai wa Amazon dalilin zuwa duniya: rayukan matan da maza suka kashe ne, allolin Girkawa mata suka sake halittarsu. Sarauniyarsu Hippolyta da ciki aka kashe ta a rayuwarta ta farko, kuma ran wannan jaririyar ne ya shiga yumɓun da ta mulmula, ya zama Diana, wato Wonder Woman.

A hikayar asali, karɓo ɗamarar Hippolyta shi ne aiki na tara cikin goma sha biyun da ake yabon gwarzon Girkawa Heracles da su. A labarin Pérez kuwa daga bakin matan ake jin labarin, kuma yaudara ce da cin zarafi. Wannan juyin ya ratsa ni ƙwarai.

A 2011 marubuci Brian Azzarello ya mayar da Diana 'yar Zeus, babban allan Girkawa, fim ɗin Wonder Woman na 2017 ma ya bi sahu. Ban ji daɗin hakan ba, domin an sake jingina ƙarfinta ga uba.